Agya Nsiah da Katangar Katako

Shekara talatin da huɗu Kwabena Nsiah, da ake ce wa Agya Nsiah, wato Baba Nsiah, ya yi yana soka ƙarfe cikin buhunan koko, yana tsaga ƙwaya yana duba cikinta, yana cewa wannan ya yi, wannan bai yi ba. "Bai yi ba" ɗin ta fi yawa a bakinsa. Daga Sefwi har Goaso babu manomin da bai san shi ba, kuma babu wanda ya taɓa gayyatarsa biki. Kowa ya shaida ba ya karɓar na goro, sai dai haƙuri ma ba ya karɓa. Matarsa ta yi iya zaman da za ta iya, wata rana ta ce za ta Tema ta ga jika, tafiyar ke nan. Bai bi sawu ba, don a cewarsa wanda ya san hanyar fita ya san ta dawowa.

Da ya ajiye aiki sai ya tattara kayansa ya koma Effiduase, gidan mahaifiyarsa, inda yayarsa Eno Pokuaa ke riƙe da komai tun rasuwar tsohuwar. Gida ne irin na da, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, rumfar girki a kusurwa. Yana da haƙƙi a ciki kamar yadda take da shi, amma shekara talatin ita ke share shi, ita ke toshe yoyon rufinsa, saboda haka kallon baƙo take yi masa. Ta ba shi ɗaki ɗaya kusa da zaure, ta kuma gaya masa lokacin da ake kulle ƙofa. Tun suna yara ba sa ga maciji, tsufa kuma bai gyara komai ba.

Ɗakin ba shi da tebur, shi kuwa mutum ne da ya saba da rubutu. Ya je wurin Masta Gameli, kafintan da ke bayan tasha, wani baƙo daga yankin Anlo da ya yi wa rabin garin gado, ya yi wa sauran rabin akwatin gawa. Bayan sati uku aka kawo tebur. Nsiah ya ɗora hannu a kai, tebur ya yi rawa. Ya juya shi, ya ga an cike wani tsagi da garin katako da gam an shafe da fenti. Bai aika kowa ba, da kansa ya ɗauki teburin a ka, dattijo mai shekara sittin da ɗaya, ya ratsa kasuwa da shi har rumfar Gameli, ya dire a gaban masu jiran aiki. Ya yi bayanin aibin teburin ɗaya bayan ɗaya, kamar yana karanta takardar tuhuma. Gameli bai ɗago daga aikin da yake yi ba sai da ya gama.

"Akawu, daɓen ɗakinka ne ya karkace," in ji shi. "In kuwa ka fi ni sani, ga kasuwar katako can, ba a hana kowa shiga."

Mutanen wurin suka yi dariya. Nsiah ya bar teburin nan ya juya, kuma bai ƙara tambayarsa ba.

Washegari ya shiga mota zuwa Kumasi. Ya wuni a Sokoban yana zagaya masu sayar da katako, yana ƙwanƙwasa falanki yana shinshinawa, yana tambayar abin da bai sani ba da muryar wanda ya sani. Ya dawo da zarto biyu, da guduma, da cizal iri uku, da tef ɗin awo, da magogin katako na hannu, da falankin iccen da ake kira wawa guda shida a saman mota. Duk wannan ba shi da inda zai ajiye, sai idonsa ya faɗa kan ɗakin da ke jikin nasa, wanda Pokuaa ke ajiye jarkokin manja da kujerun roba da take bayarwa haya ranar jana'iza. Ya ce mata ɗakin na kawunsu marigayi ne, kuma bisa al'adarsu ta gado ta ɗakin uwa, shi ne namijin da ya gaje shi. Ta ce tun da kawun ya mutu ba ta ga ya zo ya kashe ko gizo-gizo ɗaya a ciki ba. Ya jira ranar Asabar da ta tafi jana'iza, ya fito da kayanta tsaf, ya jera su a baranda bisa tsari, ya sa sabon kwaɗo. Da ta dawo cikin baƙin zane ta tarar da manjanta a rana, unguwar gaba ɗaya ta ji abin da ta ce. Ta kira shi ɓarawon ɗaki, ta kira shi wanda mata ta guje wa, ta tuna masa fitsarin kwance da ya yi har ya shiga aji uku. Shi kuwa yana ciki yana buga ƙusoshin da zai rataya zarto.

Farkon koyon nasa abin tausayi ne, da akwai mai tausayinsa. 'Yarsa ta aiko masa da waya mai hoto, a nan yake kallon wasu tsofaffin Turawa suna aikin katako a ɗakunansu masu tsabta, komai na tafiya kamar ana yanka sabulu. Nasa zarton kuwa in ya sa shi kan layi sai ya bi wata hanya. Ya daki babban yatsansa har farcen ya fita. Ya tsaga falanki huɗu cikin shida kafin ya gane katako yana da hanyar da yake so a bi shi. Abin da ya fara haɗawa benci ne na aiki, ya yi wata biyu a kai, da ya gama ya auna ya ga ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo da kaurin farce. Ya wargaza shi ya sake daga farko. Wannan hali da ya hana shi abokai shi ne ya koya masa aikin, don ba ya yafe wa kansa kamar yadda ba ya yafe wa kowa.

Labari ya kai tasha. Gameli ya ce a gaya wa Akawu icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma in yana neman wurin koyo ya zo da tsintsiya, daga shara ake farawa. Matan coci suka ce akwatin gawarsa yake haɗawa don ya san ba mai saya masa. Pokuaa ta ce ina ma haka ne, da ta taimaka da ƙusa.

Abin da ba wanda ya sani, shi ma bai faɗa ba, shi ne aikin ya fara yi masa daɗi. Da safe in ya buɗe ɗakin, ƙamshin katako ya tarye shi, sai ya ji wani abu ya kwance a ƙirjinsa. In magogi ya bi fuskar falanki ya fitar da ɓawo siriri mai naɗewa, yakan ɗauka ya ɗaga shi a haske ya daɗe yana kallo. Duk rayuwarsa aikin wasu yake dubawa. Yanzu ga abu a gabansa wanda in ya lalace ba wanda zai zarga sai hannunsa.

Ya ci gaba da sayen kaya. Ya sayo ƙarafan matse katako guda takwas, da dutsen wasa cizal, da ma'aunin kusurwa, da sanfefa kala-kala. Ya kafa allo a bango ya zana siffar kowane ƙarfe a inda ake rataye shi, yadda in an ɗauki ɗaya zai gani nan take. Ya fasa bango ya ƙara taga ba tare da ya tambayi kowa ba. Duk abin da mota ta sauke a ƙofar gida, Adomako ne ke fara ganinsa. Adomako ɗan Pokuaa ne na fari, direban tasi mai shekara arba'in da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya, kuma shi ne zai gaji kawun nasa in ta Allah ta kasance. Tun dawowar Nsiah yake zaton dattijon zai ƙarasa ginin da ke bayan gida, wanda ya tsaya a iyakar taga shekara goma, ko kuwa ya taimaka masa ya canza mota. Da ya ga abin da aka tara a aikin gwamnati yana komawa ƙarfe da katako, sai gaisuwarsa ta fara gajarta. Wata rana ya tsaya a bakin ɗakin ya ce, yana kiransa Wofa, wato kawu, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, "Wofa, wannan kaya haka, shago za a buɗe ne?"

"A'a."

"To sayarwa za a riƙa yi daga gida?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"To na mene ne?"

"Nawa ne," in ji Nsiah. "Ka matsa, ka tare mini haske."

A shekara ta biyu ya sayo injin. Wani mai shago a Kumasi ne ya tashi daga sana'a, ya sayar masa da injin yanka katako mai tebur da na gogewa, tsofaffi amma da ƙarfinsu. Mutum shida suka shigo da su. Ranar da ya fara kunna na yankan, kajin gidan suka watse, jikar Pokuaa da ke barci ta farka da ihu, fitilun gidan suka yi ƙasa kamar za su mutu. Daga ranar zaman gidan ya zama na doya da manja. Garin katako ya riƙa fita ta sabuwar tagar yana sauka kan rogon da Pokuaa ke shanyawa, da wanki, da miyar da ke kan wuta. Ta ce a sakwara ma tana jin katako a haƙorinta. Ta daina zuba masa abinci, ya koma saye a bakin titi, yana ci a kan bencinsa, ƙofa a buɗe don ta gani. In ya kunna inji sai ta sa a fara daka a daidai bangonsa. In ta kunna rediyon wa'azi sai ya tuna yana da falankin da zai tsaga. Sau biyu yana cikin aiki wuta ta ɗauke a ɗakinsa kaɗai, ya fita ya tarar an sauke makunnin da ke zaure, kuma duk gidan ba wanda ya ga wanda ya taɓa.

Injin yankan yana da murfin ƙarfe da ke rufe haƙoran zarton. Nsiah ya cire shi tun satin farko, don yana hana shi ganin layin da ya ja. Wata Talata da hantsi yana tura falankin iccen odum mai tauri, sai Pokuaa ta zo bakin taga da faranti a hannu tana nuna masa garin katako a kan kifin da ta shanya. Ƙarar inji ta hana shi jin abin da take faɗa, amma ya ga bakinta, ya kuma san irin maganar. Ya juya kai don ya ba ta amsa, hannunsa na hagu bai tsaya ba.

Bai yi ihu ba. Ya kashe injin da hannun dama, ya naɗe hagun da rigarsa, ya fito tsakar gida ya zauna a ƙasa. Pokuaa ce ta yi ihun, ita ce kuma ta ɗaure masa hannun da ɗankwalinta, tana ɗaurewa tana cewa ai ta faɗa, ta faɗa, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Adomako ya kai shi asibiti a Kumasi. Yatsu biyu suka tafi, ƙaramin da na kusa da shi. Ya yi kwana tara a kwance saboda ciwon ya so ya ruɓe. Pokuaa ta zo sau ɗaya da miyar ganyen gwaza da dafaffiyar ayabar agada, ta ajiye, ta tsaya a ƙafar gado. Ya ce mata da ba ta zo tagar ba da yatsunsa na nan. Ta ɗauki kwanonta da abincin a ciki ta fita.

Ranar da aka sallame shi bai kira Adomako ba, motar haya ya shiga. Yana sauka a tashar Effiduase ya ji wata ƙara daga bayan tasha, ya tsaya cak. Injin nan yana da wani kuka da yake yi in an fara kunna shi, kamar tari, kafin ya miƙe. Ko cikin barci zai gane shi. Ya bi ƙarar har rumfar Gameli, ya tarar da injinansa biyu a kafe a kan sabon daɓe, an mayar wa na yankan murfinsa. Gameli ya kashe, ya dubi hannun da ke naɗe da bandeji, ya yi masa sannu, sannan ya ce shi saye ya yi da rana tsaka, ɗan gidan ne ya kawo, ya ce dangi sun yanke shawara.

"Inji ne mai kyau, Akawu," ya ƙara da cewa. "Murfin nan ba ado ba ne. Da ka tambaya da na gaya maka."

Nsiah ya ji kamar an sake yanke masa yatsun. Ya juya ya nufi gida. A gida ya tarar an ɓalle kwaɗon, an share ɗakin, kujerun roba sun dawo sun mamaye inda injinan suke. Kayan hannun dai suna nan a bango, sai cizal ɗaya da siffarsa ke nan a allo babu shi. Adomako ya ce don lafiyarsa aka yi, wai in aka bar shi da injin, nan gaba hannu duka zai tafi. Pokuaa ta ce ita ta sa, kuma in an sake kawo wani za ta sake sawa.

Ya kai ƙara wurin Nana Wiredu, dattijon danginsu, tsohon da ya haura tamanin, wanda ya gaji da shari'ar gidan nan tun kafin a haifi Adomako. Aka zauna ranar Lahadi bayan coci. Nsiah ya zo da takarda, ya rubuta laifuffuka goma sha ɗaya da ranakunsu. Pokuaa ta zo da farantin kifin, ta ajiye shi tun ranar don shaida. Aka yi ta tone-tone har aka kai ga wanda ya ƙi zuwa jinyar mahaifiyarsu da wadda ta kwashe zannuwan tsohuwar kafin a yi sadakar arba'in. Da Nana ya ga abin zai kai su dare, ya buga sandarsa a ƙasa ya yanke: inji ba zai koma gidan ba, don gida na masu rai ne ba masana'anta ba; amma ɗakin na Kwabena ne, a fitar da kujeru yau; Adomako kuma ya yi laifi da ya sayar da abin da ba nasa ba, ya mayar da abin da ya karɓa, ya kawo kwalbar giya ya durƙusa. Adomako ya durƙusa. Nsiah bai dubi kwalbar ba, bai kuma taɓa ambulan ɗin kuɗin da aka tura gabansa ba. Abu ɗaya ya roƙa: Nana ya zo gidan da ƙafarsa ya nuna iyakar rabonsa a tsakar gida. Tsohon ya ɗauka rigimar wurin shanya ce. Ya zo ya ja layi da sanda daga kusurwar zaure zuwa gindin bishiyar lemo. Yana juya baya Nsiah ya bi layin da tef, ya kafa turaku.

Hannun ya ɗauki wata uku kafin ya iya riƙe katako. Riƙon ya canza, abin da yatsu biyar ke yi da sauƙi yanzu sai ya sa ƙarfen matsewa. Ba inji, saboda haka kowane falanki da zarton hannu yake tsaga shi, rabin yini a kan guda ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya sayo odum busasshe, mai tsada, irin wanda gara ba ta so. Ba wanda ya san abin da yake shiryawa. Suna dai jin ƙwas-ƙwas na cizal daga safe zuwa la'asar, yana huda wani katako, yana fiƙe bakin wani yadda zai shige ramin ya zauna daram. In ya gwada ya ga akwai inda haske ke ratsawa, sai ya jefar da guntun ya ɗauki wani. Wata bakwai ya yi a haka.

Ranar da ya fara kafa ginshiƙai a kan layin Nana, Pokuaa ta fito da muciya a hannu ta tsaya tana kallo. Da ta gane abin da ake ginawa sai ta aika a kira tsohon. Nana ya zo, ya duba, ya ce katangar ba ta tsallake layi ko da taki ɗaya ba, shi kuma ba zai janye abin da bakinsa ya faɗa ba, sai dai a sani tun kakanni ba a taɓa raba tsakar gidan nan ba, kuma abin kunya ne. Nsiah ya ce ya ji. Ya ci gaba da aiki.

Katangar ta fi mutum tsawo, daga zaure har gindin lemo, da ƙofa ɗaya mai sakata ta ɓangarensa. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. Ya goge ta har tana ɗaukar ido, ya shafe da mai, jan odum ɗin ya fito. Abin haushin ga mutanen gidan shi ne ta yi kyau. Masu zuwa hayar kujeru sai su tsaya suna shafa ta. Wani malamin makarantar koyon sana'a ya zo ya ɗauki hoto. Matar limamin coci ta aiko tana son a yi mata irin ƙofar, Nsiah ya ce a gaya mata akwai kafinta a bayan tasha. Gameli da kansa ya zo, wai ya biyo karɓar kujeru ne. Ya bi katangar daga wannan kai zuwa wancan, yana sa farce a kowace mahaɗa, ya tsuguna ya leƙa ƙasa, ya girgiza ginshiƙi. Nsiah yana ganinsa ta tsakanin ƙofa. Gameli ya daɗe ƙwarai kafin ya miƙe ya ce wa Pokuaa, da murya yadda na ciki zai ji, wanda ba shi da iyalin ciyarwa shi ke da lokacin irin wannan wasa, kuma damina biyu ta isa ta buɗe bakin mahaɗan nan. Nsiah ya koma bencinsa yana jin daɗin da bai ji irinsa ba tun da ya dawo garin, don ya san in da akwai aibi da Gameli ya sa yatsa a kansa.

Pokuaa ta mayar da katangar wurin shanya. Kullum da safe sai ta rataya jiƙaƙƙun zannuwa a kai, ruwa na bin katakon. Shi kuma sai ya sa sanda ya turo su ƙasa ta ɓangarenta. Shekara biyu ba su yi magana fuska da fuska ba. In akwai saƙon rasuwa ko taron dangi, sai ta faɗa wa katangar da ƙarfi, shi kuma ya yi gyaran murya alamar ya ji. Adomako ya daina gaishe shi gaba ɗaya. A cikin ɗakin kuwa kujeru da akwatuna da ƙananan kabad suka yi ta taruwa har rufi, ba ya sayarwa, ba ya kyauta, sai ɗaya da ya aika wa jikarsa a Tema.

A daminar da ya cika sittin da biyar aka yi wata iska da yamma, ta ɗage rufin rumfar girkin Pokuaa ta jefa shi bayan gida, ta karya sandunan da ke riƙe da shi. Garin duka ya sha ɓarna, Gameli ya ce yana da rufi sama da goma a gabansa, sai bayan sati biyu. Adomako ya ɗaura leda, ruwan washegari ya yaga ta. Pokuaa, da ciwon gwiwarta, ta koma girki a baranda, hayaƙi na cika ɗakuna, itace a jiƙe. Duk gidan sun san akwai busasshen katako jibge a bayan katanga, da mutumin da ya iya aikin. Surukarta, matar Adomako, ta ce ko a yi wa Wofa magana. Pokuaa ta ce gara ta ci ɗanyen rogo. Nsiah yana ji. Ya ci gaba da wasa cizal ɗinsa.

Kwana huɗu aka yi haka. A na biyar ya lura ruwan da a da rufin rumfar ke karkatarwa zuwa kwata yanzu yana zuba tsakar gida, yana bin ƙarƙashin katanga, yana kwanciya a gindin ginshiƙansa, har ya fara shiga inda yake jera falanki. Da gari ya waye ya zare sakata, ya fito da tsani da tef. Wannan ne karo na farko da ya taka wancan ɓangaren tun da aka kafa katangar. Bai gai da kowa ba. Ya auna, ya koma, ya yi ta yanka, ya dawo da sanduna a kafaɗa. Adomako ya zo zai kama masa, ya ce ya bari, hannun da ya iya ɓalle kwaɗo bai iya riƙe katako ba. Kwana uku ya yi yana hawa yana sauka shi kaɗai, da yatsu takwas, Pokuaa na zaune a baranda tana fere rogo, tana gaya wa surukarta cewa in ya faɗo kada wanda ya ce ita ta kira shi.

Da ya buga kwano na ƙarshe ya sauko, ta tashi da ƙyar ta shiga rumfar. Ta dubi sama, ta dubi sandunan, ta kama ɗaya ta jijjiga, bai motsa ba.

"Kwabena, ka yi shi ƙasa-ƙasa," in ji ta. "Na da ya fi tsawo."

"Daidai yake da na da, na auna. Wuyanki ne ya ƙaru da leƙen abin mutane."

"Saura ka ce in gode."

"Ba don ke na yi ba. Ruwanki ke shiga mini katako."

"To ka kwashe tarkacenka, zan ɗora tukunya."

Ya tattara guntayen katakon har da ƙananan, don yana da abin da zai yi da su, ya naɗe tef, ya saɓa tsani. Ya shiga ɓangarensa ya mayar da sakata. Can ya ji tana faɗa wa surukarta ta kawo itace, kuma kada ta jingina shi da sabuwar sandar, za ta ɓata ta.